Yadda Ake Kwafe Duk Abin Da Ke Cikin Folda Da Termux, Har Da Fayilolin Da Suka Ɓuya

Duk wanda ya taɓa kai waya wajen masu gyara, a Farm Centre ta Kano ne ko a wata kasuwar waya, ya san tambayar da ake fara yi masa kafin a taɓa ta: ya kwashe kayansa? Idan har za a yi wa waya filashin, ko a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, duk abin da ke cikin ma'adanarta zai tafi. Hotunan biki, saƙonnin murya, takardun lakca da aka turo a guruf ɗin aji, babu wanda zai tsira.

Abin da aka saba yi shi ne a buɗe manhajar fayil, a zaɓi komai, a danna kwafi, a kai katin memori. Idan fayilolin ɗari biyu ne, babu matsala. Amma idan sun kai dubbai, manhajar takan tsaya a tsakiya, ko allo ya mutu aikin ya katse, kuma mai waya bai san wanne ya wuce wanne ya rage ba. Ga kuma wasu fayiloli da manhajar ba ta nuna su, don haka ba sa shiga cikin zaɓin tun farko.

A nan layin umarni yake da amfani. Layi ɗaya ake rubutawa, ya kwashe komai, kuma a iya tantancewa daga baya ko an bar wani abu. Sai dai akwai wata 'yar alama a cikin layin da ke bambanta kwafin folda kanta da kwafin abin da ke cikinta, kuma a kanta mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe.

Shirya Termux

Android an gina shi ne a kan Linux, shi ya sa umarnin da ake amfani da su a manyan kwamfutoci suke aiki a waya. Manhajar da ke buɗe wannan ƙofa ita ce Termux. Kyauta ce, ba ta buƙatar a yi wa waya rutin, kuma tana aiki daga Android 7 zuwa sama. An fi so a sauke ta daga F-Droid ko daga shafinta na GitHub.

Da an buɗe ta, baƙin allo ne kawai da alamar dala tana jira. Abu na farko shi ne a ba ta izinin ganin ma'adanar waya:

termux-setup-storage

Waya za ta nemi amincewa, sai a amince. Bayan haka wata folda mai suna storage za ta bayyana a gidan Termux, da gajerun hanyoyi a cikinta. Wadda ake kira shared ita ce ma'adanar waya gaba ɗaya, dcim ta hotunan kyamara ce, downloads ta abin da aka sauke. Idan akwai katin memori a wayar, kamar yadda yake a yawancin Tecno, Infinix da itel, za a ga external-1. Alamar ~ da za a riƙa gani a farkon adireshi tana nufin gidan Termux ɗin.

Hanya uku, sakamako uku

Umarnin kwafi shi ne cp. Tsoho ne ƙwarai, yana nan tun fitowar Unix ta farko a 1971. Ana rubuta shi, a bi shi da inda za a ɗauko, sannan inda za a kai. Idan folda ce sai an ƙara -r, wato ya shiga har cikin ƙananan foldoji. Idan aka manta da -r, zai ƙi taɓa foldar, ya rubuta cewa ya tsallake ta.

Kafin a taɓa hotunan gaske, gara a yi gwaji da fayilolin banza. Waɗannan layukan suna ƙirƙirar folda mai suna tushe da fayil biyu a ciki, da kuma foldoji uku da babu komai a cikinsu:

cd ~
mkdir -p gwaji/tushe gwaji/daya gwaji/biyu gwaji/uku
cd gwaji
touch tushe/hoto.jpg tushe/.boye

A lura da fayil na biyu: sunansa ya fara da ɗigo. A Linux da Android, duk fayil ko foldar da sunanta ya fara da ɗigo ɓoyayya ce. Ba ta fitowa a jeri sai an nemi a nuna ta. Yanzu sai a yi kwafin ta hanya uku:

cp -r tushe daya
cp -r tushe/* biyu
cp -r tushe/. uku
ls -A daya biyu uku

Layin ƙarshe yana nuna abin da ya shiga kowace folda, har da ɓoyayyu. A cikin daya za a tarar da folda guda mai suna tushe, fayilolin suna cikinta. A cikin biyu za a tarar da hoto.jpg kaɗai. A cikin uku ne za a ga duka biyun, hoto.jpg da .boye, a zube kai tsaye.

Na farko ya ɗauki buhun ne da abin da ke ciki. Ba laifi ba ne idan haka ake so, sai dai yana da wata ɗabi'a mai rikitarwa. Idan foldar da za a kai kayan tana nan, zai saka tushe a cikinta. Idan kuma babu ita, zai ƙirƙire ta, ya zuba kayan kai tsaye ba tare da sunan tushe ba. Wannan ya sa mutum zai rubuta layi ɗaya sau biyu ya sami sakamako biyu: karon farko an ƙirƙiri ajiya, karo na biyu an sake kwafe komai a cikin wata folda a cikin ajiyar. Kati ya cika da kaya ninki biyu, shi kuwa yana mamakin ina wurin ya tafi.

Na biyu, mai tauraro, shi aka fi gani a darussan intanet, kuma shi ne mai yaudara. Ba cp ne ke fassara tauraron ba. Manhajar da ke karɓar umarni, wato bash, ita ce take maye gurbinsa da sunayen fayiloli kafin cp ya ga komai, kuma a ƙa'idarta ba ta haɗawa da sunan da ya fara da ɗigo. Don haka cp bai ma san da .boye ba, balle ya yi ƙorafi. Aiki zai ƙare lafiya lau, babu saƙon kuskure, alhali an bar kaya a baya. Ɓoyayyun da ke can cikin ƙananan foldoji suna wucewa, na saman ne ake bari. Tauraron yana da wata illar kuma: idan fayilolin sun yi yawa sosai, jerin sunayen yakan fi ƙarfin layi guda, sai umarnin ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Na uku shi ne wanda ake nema. Ɗigo bayan karkataccen layi yana nufin cikin wannan foldar kanta. Don haka tushe/. na cewa a kwashe duk abin da ke ciki, na fili da na ɓoye, a zuba a can. Sau nawa aka maimaita shi, wuri ɗaya kayan za su sauka.

Wani zai ce ai karkataccen layi kaɗai a ƙarshe, wato tushe/, ya isa. A kwamfutar Mac haka ne. A Termux da sauran Linux kuwa, cp yana ɗaukar tushe/ daidai da tushe, wato zai kwashi foldar kanta. Shi ya sa umarnin da aka kwafo daga wani darasi yakan yi wani abu daban a waya.

Ina ruwan mai waya da ɓoyayyun fayiloli?

WhatsApp ne amsar. A wayoyi masu Android 11 zuwa sama, kayansa suna wannan adireshi:

~/storage/shared/Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media

A tsofaffin wayoyi kuwa foldar WhatsApp tana saman ma'adana kai tsaye. A cikin Media akwai ɓoyayyar folda mai suna .Statuses, inda hotuna da bidiyon sitatus da mutum ya kalla suke zama na ɗan lokaci kafin a goge su. Wanda ya rubuta Media/* ya bar ta a baya.

Akwai kuma wani ƙaramin fayil mai suna .nomedia. Babu komai a cikinsa, aikinsa kawai ya gaya wa galari kada ya nuna abin da ke cikin foldar da yake. Shi ne dalilin da ya sa hotunan da mutum ya tura wa wasu, waɗanda ke cikin foldar Sent, ba sa fitowa a galari. Idan aka kwafe Sent/* zuwa wani wuri, hotunan za su tafi, .nomedia ya tsaya. Ba da jimawa ba duk za su bayyana a galari, har da waɗanda mai wayar ba zai so ƙanensa ya gani ba idan ya ari wayar. Idan kuma so ake su bayyana, to a nan tauraron ya yi rana.

Ga yadda ake kwafe Media gaba ɗaya zuwa kati. Da farko a auna nauyin kayan da kuma wurin da ya rage:

cd ~/storage/shared/Android/media/com.whatsapp/WhatsApp
du -sh Media
df -h ~/storage/external-1/

Idan wuri ya isa:

mkdir -p ~/storage/external-1/ajiya
termux-wake-lock
cp -rv --preserve=timestamps Media/. ~/storage/external-1/ajiya/

Layin tsakiya yana hana waya ta kwantar da Termux idan allo ya mutu. Harafin v yana sa a riƙa ganin sunan kowane fayil yana wucewa. Shi kuwa --preserve=timestamps kada a raina shi. Hoton da ya biyo ta WhatsApp an cire masa bayanan kyamara, har da ranar da aka ɗauke shi, don haka galari yakan dogara ne da ranar da ke jikin fayil ɗin. Idan ba a kiyaye ranar ba, hotunan shekara uku za su taru su zama na yau, a rasa na sallar bara da na bana.

Media hotuna ne da murya da takardu kawai, babu hirarraki a ciki. Su suna cikin foldar Databases a kulle, kuma hanyar da ta fi sauƙi wajen dawo da su ita ce ajiyar Google Drive da ke cikin saitin WhatsApp ɗin.

Sunaye masu sarari a tsakiya suna buƙatar kulawa. Foldar takardu sunanta WhatsApp Documents, kalma biyu. Idan aka rubuta haka tsirara, bash zai ɗauka abu biyu ne daban. Sai an sa alamar zance:

cp -rv --preserve=timestamps Media/"WhatsApp Documents"/. ~/storage/external-1/takardu/

Kada a saka ~ a cikin alamar zancen, don a ciki ba ta aiki. Sannan idan an kwafo umarni daga wani shafi ko daga saƙo, a duba alamar zancen, domin wasu shafukan suna mayar da ita lanƙwasasshiya, bash kuwa miƙaƙƙiya kaɗai ya sani. Mafi sauƙi shi ne a rubuta farkon sunan a danna maɓallin TAB da ke saman kibod ɗin Termux, ya ƙarasa da kansa.

Tarkon da ke cikin external-1

Android ba ya barin Termux ya yi rubutu ko'ina a katin memori. Ɗaki ɗaya ya ba shi, kuma external-1 hanya ce zuwa wannan ɗakin: Android/data/com.termux/files a kan katin. Ƙa'idar Android ita ce, ranar da aka cire wata manhaja daga waya, ɗakinta na Android/data yana tafiya tare da ita. Wanda ya gama kwafi, ya ce ya gama da Termux, ya goge ta alhali katin yana ciki, ya goge ajiyarsa da hannunsa.

Saboda haka da an gama kwafi an tantance, a kashe waya a zare katin. Idan akwai kwamfuta a kusa, a saka shi a kad rida a fitar da foldar daga Android/data zuwa saman katin. Haka kuma idan tun farko an saita katin a matsayin ƙarin ma'adanar cikin waya, to a kulle yake da wannan wayar, kuma bayan filashin ba zai karantu ba. Irin wannan katin ba wurin ajiya ba ne.

Katin da bai wuce 32GB ba yawanci yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura 4GB. Hotuna ba su kai nan ba, amma dogon bidiyon biki yana iya kaiwa.

Idan aiki ya katse

Caji ya ƙare, ko an dakatar da kwafin da gangan ta hanyar danna maɓallin rage sauti tare da harafin c, wanda shi ne Ctrl da C a Termux. Yanzu rabin kaya na can, rabi na nan. Idan aka maimaita umarnin yadda yake, cp zai sake rubuta komai daga farko, ba tare da tambaya ba. Wannan ma abin lura ne a kowane lokaci: idan akwai fayil mai suna iri ɗaya a inda za a kai, cp yana danne shi shiru. Ƙara -i yana sa ya yi tambaya, -n kuma yana sa ya tsallake duk wanda ya tarar.

Ana iya ganin kamar -n ne maganin aikin da ya katse, amma akwai rami. Fayil ɗin da ake cikin kwafewa lokacin da wuta ta ɗauke yana can da sunansa, rabi ne kawai. Da -n, cp zai ga sunan ya wuce. Bidiyon zai zauna a guntule har ranar da aka zo buɗe shi.

Wanda ya iya wannan aikin shi ne rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Yana kwatanta girma da ranar kowane fayil a ɓangarorin biyu, ya kwafi wanda ya bambanta kaɗai.

pkg install rsync
rsync -rtv --modify-window=1 Media/ ~/storage/external-1/ajiya/

A nan dokar ta juya. A wajen rsync, karkataccen layi kaɗai a ƙarshen Media/ yana nufin abin da ke ciki, har da ɓoyayyu. Idan aka cire shi, foldar kanta za ta tafi. Harafin t na kiyaye rana ne, --modify-window=1 kuma saboda FAT32 ba ya riƙe lokaci daidai da daƙiƙa, yana tafiya ne bibbiyu. Haka ma -n ma'anarsa daban ce a rsync: gwaji ne, yana nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Mai kwashe kayansa duk ƙarshen wata zai fi jin daɗin rsync, tunda karo na biyu sababbin kawai zai ɗauka. Akwai wani zaɓi nasa mai suna --delete da ke goge duk abin da ke masauki wanda babu shi a tushe. Mai koyo ya bar shi tukuna, domin idan aka juya adireshin biyu bisa kuskure, kayan asalin ne za su tafi.

Tantancewa kafin a goge komai

Rashin saƙon kuskure ba shaida ba ce, gwajin tauraro ya riga ya nuna haka. A ƙirga fayilolin ɓangarorin biyu:

find Media -type f | wc -l
find ~/storage/external-1/ajiya -type f | wc -l

Lambobin su zo daidai, ko su bambanta da kaɗan idan sababbin saƙonni sun shigo ana cikin aiki. Kashe data kafin a fara yana kawar da wannan. Ƙirga ba ta duba cikin fayil, don haka sai a ƙara da wannan:

diff -rq Media ~/storage/external-1/ajiya

Idan waya ta ce ba ta san diff ba, pkg install diffutils zai kawo shi. Yana karanta kowane fayil a ɓangarorin biyu, don haka yana ɗaukar lokaci. Idan ya gama bai rubuta komai ba, kayan iri ɗaya ne. Idan ya rubuta suna, wannan fayil ɗin ne ya ɓata ko ya bambanta.

Ya fi kyau a kashe waya a kunna kafin a yi diff ɗin. Akwai jabun katunan memori a kasuwa da aka rubuta musu girman da ba su kai ba. Suna karɓar kaya kamar gaske, cp ya gama babu ƙorafi, amma abin da ya haura ainihin girman katin ya lalace. Nan take bayan kwafi, waya tana iya karanto wasu fayilolin daga ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi maimakon daga katin, sai komai ya yi kamar daidai. Bayan an sake kunna ta, dole daga katin za ta karanta.

Ga mai kwamfutar Windows

Wayar da aka jona da kebul ba ta samun harafi irin D: ko E:, don haka layin umarnin Windows ba ya ganin ta kai tsaye. Katin da aka saka a kad rida yana samu. Daga nan ana iya amfani da tsohon umarnin xcopy:

xcopy "E:\ajiya" "D:\ajiyar waya" /E /H /I

/E na haɗawa da ƙananan foldoji har da waɗanda babu komai a ciki, /H na ɗauko fayilolin da Windows ya ɓoye, /I kuma na hana shi tambayar ko masaukin folda ne. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne robocopy, da ke zuwa a cikin Windows tun daga Vista:

robocopy "E:\ajiya" "D:\ajiyar waya" /E /R:2 /W:5

Duka biyun abin da ke cikin folda suke kwafewa, don haka babu batun ɗigo a nan. Zaɓin /MIR na robocopy ɗan'uwan --delete ne, yana goge abin da ke masauki. Su kuwa /R:2 da /W:5 kada a bar su: idan robocopy ya ci karo da fayil ɗin da ya ƙi karantuwa, a saitinsa na asali zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Da waɗannan biyun, sau biyu zai gwada, ya jira daƙiƙa 5, ya wuce, sannan a ƙarshe ya nuna adadin waɗanda suka ƙi.